Yadda ake kwance tambayar mai tsokana: jagorar wasan kalmomi na jaridun Ingila

Karatu ya dagule, matsin lamba ke nan (6)

Duk wanda ya taɓa kwana da littafi a daren jarrabawa zai karanta layin nan ya gyaɗa kai, ya ce wallahi haka ne. To, an kama shi ke nan. Babu wani ɗalibi a cikin zancen. Umarni ne aka sa wa rigar labari: ɗauki haruffan KARATU guda shida, ka dagula su, ka fito da kalmar da ke nufin matsin lamba. Jujjuya su kaɗan, sai ga TAKURA. Ba a ƙara harafi ba, ba a rage ba.

Wannan shi ne wasan da Turawan Ingila ke kira "cryptic crossword", wato cike akwatuna da kalmomi ta hanyar tambayoyi masu lulluɓi. Asalin cike akwatunan daga Amurka ya fito. Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool, Arthur Wynne, shi ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, kuma nasa kai tsaye ne: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Da wasan ya ƙetara teku sai mutanen Ingila suka ga ya yi musu lami, suka zuba masa yaji. Edward Powys Mathers ya fara ƙulla wa jaridar Observer tambayoyi a 1926, ya kuma laƙaba wa kansa Torquemada, sunan wani shugaban kotun addini ta Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen gana wa mutane azaba. Daga sunan kaɗai ka san abin da ya tanadar wa masu karatu. Jaridar Times ta bi sahu a 1930.

Da Ingilishi ake buga wasan, amma injinsa bai san yare ba. Shi ya sa na ƙulla yawancin misalan nan da Hausa, don a ga yadda kowace dabara ke aiki kafin a tunkari na jarida.

## Da farko, kada ka yarda da labarin

Wani limamin coci mai suna A. F. Ritchie, wanda ke sa hannu da sunan Afrit (haruffan farko na sunansa ne, kuma ifiritun nan ne da muka sani a cikin aljanu), shi ya shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau. Ma'anarta ita ce: ba dole mai ƙulla tambaya ya nufi abin da ya faɗa ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Yana da izinin ya ruɗe ka, ba shi da izinin yi maka ƙarya. Duk abin da kake bukata yana cikin layin, kalma bayan kalma.

Saboda haka karanta tambayar sau ɗaya, ka yi dariyarka in abin dariya ne, sannan ka tuɓe mata riga. Waƙafi da aya da babban baƙi duk na rigar ne, kada su ja ka. A tambayar Ingilishi in ka ga "Nice" a farkon layi, za ka ɗauka "mai kyau" ake nufi, alhali sau da yawa birnin Nis ne na Faransa, an ajiye shi a farko don kada babban baƙinsa ya tona asiri. Aboki a Nis kuwa da Faransanci zai zo, wato AMI.

## Sannan ka tsaga ta biyu

Kusan kowace tambaya gida biyu ce. Gida ɗaya ma'anar amsar ce kamar yadda ƙamus zai kawo ta. Ɗayan kuma dabara ce ta gina amsar harafi bayan harafi. Hanyoyi biyu ne zuwa gari ɗaya, kuma nan daɗin wasan yake: in ka iso ta duka biyun, ba ka bukatar kowa ya ce maka ka ci.

Ma'anar a bakin layi take zama, ko dai a farko ko a ƙarshe. Da wuya ƙwarai ka same ta a tsakiya. To, sa yatsa ka rufe kalmar farko, ka duba ko sauran sun yi kama da umarni. In bai yiwu ba, koma ƙarshe ka gwada. Lambar da ke cikin baka yawan haruffan amsa ce. In ka ga (3,4), kalmomi biyu ne, mai uku da mai huɗu. Ƙidaya haruffan kalmomin tambayar ma, domin in amsa shida ce kuma ga wata kalma mai haruffa shida zaune kusa da "ya dagule", ka kusa gida.

## Nemo kalmar ishara

Mai ƙullawa dole ya gaya maka abin da za ka yi da haruffa, sai dai yana faɗa ne a cikin hannunka-mai-sanda. Dabarun ba su kai goma ba, kuma wanda ya san su ya san rabin wasan.

Dagule shi ne sarki, kuma daga shi ya kamata sabon shiga ya fara. Duk kalmar da ke nuna ruɗani, lalacewa, fushi, maye, rawa ko gyara tana iya zama isharar a yamutsa haruffa. "Gadi ya rikice a muhalli (4)": GADI ta rikice ta zama GIDA. A Ingilishi irin waɗannan kalmomi sun fi a ƙirga, daga "broken" da "upset" da "drunk" har zuwa "cooked" da "novel". Ga wata da za ta yi wa ɗan Nijeriya daɗi: "Corrupt senator's crime (7)". A fuska, laifin gurɓataccen sanata ake magana. A ciki kuwa "corrupt" na cewa a ɓata haruffan SENATOR, su ba da wani laifi, wato TREASON, cin amanar ƙasa. Dabarar hannu a nan ita ce ka rubuta haruffan a da'ira a gefen takarda, ba bisa tsarinsu ba, baƙaƙe a waje wasula a tsakiya. Muddin ido na ganin kalmar a jere, ƙwaƙwalwa ba za ta sake ta ba. In da Hausa kake ƙullawa, kula da ƙugiya: KANO ba ta dagulewa ta zama ƙona, don k daban, ƙ daban.

Ɓoyayya ta fi kowacce sauƙi, kuma ita ta fi ba ƙwararru kunya, domin amsar na kwance a gabanka a rubuce. "In ka noma, akwai birni a ciki (4)". Duba tsakanin "ka" da "noma": KA NOma. KANO. Isharar ita ce "a ciki", ko "wani ɓangare na", ko "daga". In ka ga jimla ta ɗan yi tauri a baki, kamar an tilasta wa kalmomi biyu zama kusa da juna, bi su harafi-harafi.

Jere shi ne a ɗaura guntu bayan guntu kamar taragon jirgi, kuma sau da yawa ba shi da wata ishara. "Rabu da yaya a wurin ciniki (6)". Ka ji kamar shawara ce ga ƙanin da wansa ke cuta a shago. Amma abin da ya rabu kashi uku ai ya KASU kashi uku ne, yaya namiji kuma WA ne. KASU da WA, ga KASUWA, wurin ciniki. Lura da cewa a nan ba haruffan "rabu" aka ɗauka ba, takwararta aka nemo tukuna. Wannan shi ne bambancin jere da dagule: a dagule, ƙa'ida ita ce haruffan su kasance a rubuce a cikin tambayar.

Juyi: "Ado ya juya baya ga umarni (3)". Karanta ADO daga dama, ka sami ODA. Jonathan Crowther, wanda ya karɓi shafin Observer a 1972, da wannan dabara ya raɗa wa kansa suna Azed, wato Deza a juye, shi ma wani shugaban waccan kotu ta Sifen. A tambayoyin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa, juyin kan zo da kalmomin hawa, irin su "up" da "rising", tunda amsar tsaye take.

Yanke: "Mahaifiya ce, ruwa ba kai (3)". Cire kan RUWA, saura UWA. Ana yanke wutsiya, ana ƙwaƙule ciki, duk dai za a gaya maka. Akwai kuma tsintar haruffan farko: "Sabon miji tun farko a nan gidan oga (4)" na ba da ANGO daga a, nan, gidan, oga.

Ma'ana biyu ita ce inda Hausa ta fi Ingilishi arziki, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama, gari na tuwo. Fari na launi, fari na rashin ruwa. "Wahala ƙarƙashin haɓa (4)": WUYA ta wahala, WUYA na jiki. Irin wannan gajeru ne, kalma biyu zuwa huɗu, babu ishara. In tambaya ta cika gajarta, fara zargin ta da haka.

Kama-sauti kuwa akasin haka ne, ya fi zama a Ingilishi, inda rubutu da furuci suka daɗe da raba gari. "Letters for a chap, we hear (4)": namiji "male" ne, in aka ji shi da kunne sai ya zama MAIL, wasiƙu. Duk inda aka ambaci ji, faɗa, rediyo ko waya, buɗe baki ka furta.

## Mu kwance ɗaya a hankali

Yaya ya shiga lokacin zafi wurin wadda aurenta ya mutu (8)

Rigar nan ta tsegumi ce, an ɗinka ta ne don ka tsaya tambayar me ya kai yaya can da tsakar rana. Bar shi da halinsa. Ma'ana tana farko ko ƙarshe. In "yaya" ce, muna neman kalma mai haruffa takwas da ke nufin yaya, kuma babu wadda ta zo kusa. In "wadda aurenta ya mutu" ce, to akwai 'yan takara. Mu riƙe wannan.

Saura "Yaya ya shiga lokacin zafi". Babu alamar dagule, kuma babu kalma mai haruffa takwas da za a dagula. Amma "ya shiga" ishara ce: wani abu zai kutsa cikin wani. Yaya mun riga mun san shi, WA ne, haruffa biyu. Takwas a debe biyu saura shida, don haka lokacin zafi mai haruffa shida muke nema. Rani huɗu ne, bai cika ba. BAZARA shida ce cif. Yanzu ina WA zai shiga? B-WA-AZARA ba magana ba ce, BA-WA-ZARA ma haka. BAZA-WA-RA. BAZAWARA, wadda aurenta ya mutu. Kalmar "wurin" gada ce kawai tsakanin gidajen biyu.

Wannan dabara ta cusa wani cikin wani tana da fuska biyu. Wani lokaci a ce ƙaramin ya shiga, wani lokaci a ce babban ya haɗiye, ya rungume, ya kewaye ko ya sa. Karanta da kyau ka san wa ke ciki wa ke waje.

## Guntayen da sai an haddace

Nan ne baƙo ke shan wuya, kuma gaskiya ba laifinsa ba ne. Masu ƙullawa na Ingila suna da tarin gajerun alamu da suka gada daga rayuwar ƙasarsu, kuma ba wanda zai gane su da kaifin basira kawai. Matuƙin jirgin ruwa AB ne ko TAR. Likita DR ne, ko GP, ko MO. Ɗan koyo L ne, saboda alamar da ake liƙa wa motar koyon tuƙi. "Love" sifili ne a wasan tanis, don haka O. "Duck" ma O ne, daga wasan kurket. Sarauniya ta daɗe tana ba da ER saboda Elizabeth, tun 2022 kuma sarki na iya ba da CR. Ma'aikaci sau da yawa tururuwa ce, ANT. Lambobin Rumawa na nan birjik: biyar V, goma X, hamsin L, ɗari C, dubu M. In mai ƙullawa ya ambaci kansa da "setter", I ko ME yake nufi. Da waɗannan, "Sailor with learner, English, is competent (4)" ta zama AB da L da E (gajarcen "English"), wato ABLE.

Sai kuma wata muguwar ɗabi'a ta karya kalma inda ba a saba ba. "Flower" fure ne a wurin kowa, amma a wurinsu flow-er ne, abin da ke gudana, wato kogi. "Number" lamba ce, amma tana iya zama numb-er, abin da ke kashe zafi, allurar da likita ke yi kafin tiyata. Buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta irin waɗannan duk ranar da ka ci karo da sabo. Su ne dai ke ta dawowa.

## Allon ma yana magana

Allon jarida na yau da kullum akwatuna 15 ne a kwance, 15 a tsaye, da tambayoyi wajen talatin. Kusan rabin haruffan kowace amsa suna haɗuwa da wata amsar da ta gilma ta. Don haka kada ka nace sai ka bi lamba ɗaya, biyu, uku. Zagaya duka tukuna, ka tsinci dagule da ɓoyayya, ka fi mai da hankali ga dogayen amsoshi da waɗanda ke ba da haruffan farko na wasu.

A ce an ba ka "Flower in Lokoja (5)". Ka riga ka san kogi ake nufi. Amma a Lakwaja koguna biyu ne suka haɗu, NIGER da BENUE, kuma kowanne haruffa biyar ne. Mai ƙullawa na kirki ba zai bar ka a haka ba, amma in ya bar ka, amsar da ta gilma ce za ta raba gardama: harafi na uku G ne ko N? Rubuta da fensir, kuma abin da ba ka tabbatar ba ka sa shi da ƙananan baƙaƙe a kusurwa. Kuskure ɗaya da aka rubuta da biro yana iya kulle kwata guda na allo.

## Inda tsokanar take

Masu ƙullawa sun kasu gida biyu. Akwai mabiya Derrick Macnutt, malamin makarantar da ya gaji Torquemada a 1939, wanda aka sani da sunan Ximenes, waɗanda ke cewa kowace kalma sai ta yi aiki bisa nahawu. Akwai kuma 'yan a-sake-mana-mara, waɗanda jaridar Guardian ta fi tarawa, masu ganin in dariya za ta fito to a ɗan taka doka. John Halpern, mai sa hannu da Paul, ya yi suna wajen barkwancin banɗaki da na ɗakin kwana. Mujallar Private Eye kuma tana da Cyclops, wanda ba ya raga wa 'yan siyasa ko gidan sarauta.

Ni dai ina kallon mai tsokana kamar taubashi ko kaka: an ba shi lasisin ya zolaye ka, kai kuma ba ka da izinin fushi. Abin da za ka riƙe shi ne, in rigar ta yi batsa ko ta zagi wani babba, to da gangan aka yi don hankalinka ya tafi can. Amsar sau da yawa tsaf take, sunan kifi ko na kayan kiɗa. John Graham, limamin cocin da ya shahara da sunan Araucaria, ya taɓa dagula "chaste Lord Archer vegetating", haruffa 26, suka ba da sunan gidan da Jeffrey Archer ke zaune a ƙauyen Grantchester. Archer ɗan siyasa ne da aka ɗaure a 2001 saboda rantsuwar ƙarya a wata shari'a da ta shafi mace, don haka kiran sa mai kamun kai da zaman shiru tsokana ce tsantsa, amma ko harafi ɗaya bai kauce ba.

Alamar tambaya a ƙarshen layi gargaɗi ce cewa an karkata. Wani lokaci babu gida biyu sam, sai siffantawa mai lulluɓi, irin tamu ta ka-cici-ka-cici. Wanda ya san "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ce, ya riga ya san wannan nau'in. Biyu daga cikin waɗanda aka fi ambato a Ingila ma ba jimloli ba ne. "Gegs (9,4)" haruffan "eggs" ne a dagule, don haka amsar SCRAMBLED EGGS, soyayyen ƙwan da aka kaɗa: an ba ka sakamako, kai za ka nemo umarnin. "HIJKLMNO (5)" kuma haruffa ne daga H zuwa O, wanda in ka faɗa da Ingilishi ya yi sautin H2O, wato WATER.

Mafi daraja a wurin masu wasan ita ce tambayar da rigarta da cikinta suka zama ɗaya. Ga tawa gwargwadon iko: "Abin da ke bin ma'aikaci yana cikin albashinsa (5)". Leƙa cikin alBASHInsa. Kowane ma'aikaci zai shaida cewa ta kowace fuska ka karanta, gaskiya ce.

## Bayani, da ba da gari

Samun amsa rabin aiki ne. Kafin ka wuce, bi tambayar kalma-kalma ka ba kowacce aikinta: wannan ma'ana, wannan ishara, wannan kayan gini, wannan gada. In wata kalma ta rage ba aiki, ko dai amsarka ba daidai ba ce, ko akwai dabarar da ba ka gani ba. Haka za ka yi in kana yi wa wani bayani: fara da nuna masa inda layin ya tsage, sannan isharar, sannan ka bar shi ya haɗa haruffan da kansa. Wanda ya faɗi amsa kai tsaye ya cinye naman ya miƙa ƙashi.

In ta ƙi, tashi ka bar ta. Sha shayi, yi wata hidima. Abin mamaki ne yadda tambayar da ta gagara da safe ke buɗewa da kanta bayan la'asar. In har ta ƙi ɗin dai, ba da gari kamar yadda muke yi a dandali, ka duba amsar, amma kada ka rufe shafin sai ka gano ta inda aka bi aka iso ta. Guardian na sa nata a intanet da maɓallin duba harafi da na bayyana amsa, tana kuma da Quiptic da aka shirya don sababbin shiga. Times na da ƙarami mai akwatuna 13 a kowane gefe. Ka zaɓi mai ƙullawa ɗaya ka bi shi na 'yan makonni, domin kowannensu na da halinsa, kuma sai ka san halin mutum kake gane lokacin da yake zolayar ka.

Araucaria ya kai wannan sabo matuƙa. A wasan da Guardian ta buga a Janairun 2013, ya rubuta a sama cewa yana ɗauke da 18 tsaye a 19 ɗinsa. Masu bin sa suka zauna suka kwance. Tambaya ta 18 ita ce "Sign of growth (6)", alamar tsiro, kuma sunan ɗaya daga cikin burujan taurari: CANCER, ciwon daji. Ta 19 ta ba da maƙoshi. Ya rasu a Nuwamban wannan shekarar yana da shekara 92.